Gara Ta Ci Sunan

A Kurmi nake, kusa da bakin Jakara,
da basilla da zare da gwangwanin gam,
ina ɗinke littattafan da shekaru suka warware.
Ran Laraba, ana kiran la'asar,
Malam Barau na Gwammaja ya shigo da ƙunshi a hammata,
tsohon malamin firamare, tabaransa ɗaure da zare.

Ya kwance ledar a hankali kamar mai buɗe miki.
Babu bango. Shafin farko duk huji.
Gara ta bi layin sunan mai littafi ta lashe,
ta bar harafi guda tsaye kamar haƙorin tsohuwa.
Can ciki kuwa dabbobi na nan da ransu,
dila, kyarkeci, hankaka, kwaɗin tafki,
kowa da ƙarar da ya kawo.

"Yi masa riga," in ji shi, "ka buga suna da ruwan zinare."
Na ce, sunan wa?
Ya zauna kan buhun takardu, ya tuɓe hula.

"An ce bawa ne a ƙasar Girka,
tun ba a kwaɓa ƙasar badalar nan ba.
An ce mummuna ne, ga doro, ga i'ina.
An ce baƙi ne, wasu suka ce ina!
An ce daɗin bakinsa ya fanshe shi.
An ce wani gari ya ji zafin harshensa,
suka cusa masa ƙoƙon zinare a kaya, suka yi ihun ɓarawo,
suka ingiza shi daga kan dutse."

Na ƙirga "an ce" biyar a yatsuna.
Na ce, Malam, wa ya ce?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Waɗanda suka rubuta ba su gan shi ba,
waɗanda suka gan shi, in akwai su, ba su rubuta ba."

Da ya tafi na tuna kakata Yalwa,
mai koko a Ɗandago, mai ba mu labari tana tace gasara.
Ba ta taɓa cewa nawa ne ba.
In ka ce daga ina, sai ta nuna bayanta da ludayi.
Ranar da mai gidan haya ya ƙara mata kuɗi
a daren ne kura ta zama mai karɓar haraji,
muka yi ta dariya, ita ba ta yi ba.
Wanda aka ɗaure wa baki
yakan ari na jaki ya yi magana.

Na kunna fitila, na kama ɗinki.
Daga tsakiyar shafi na arba'in
wata gara ta fito, fara, ƙosasshiya, ba kunya.
Na ɗaga babban yatsa, ta ce, "Dakata.
Suna na ci, ban musa ba, don shi ya fi taushi.
Labarin na gwada, ya fi ƙarfin haƙorina,
rabinsa ba a takarda yake ba."
Ko gyangyaɗi ne ya ɗebe ni, oho.
Na dai kakkaɓe ta ƙasa da ranta.

Jar fatar akuya na yi masa, ta majemar unguwarmu,
na goge ta har tana ɗaukar ido.
Harufan zinare na jera su, na dube su,
na mai da su cikin akwati.

Ran Asabar Malam ya dawo.
Ya juya gaba, ya juya baya, ya shafa wurin da babu komai,
ya biya bai nemi ragi ba.
Sai ya ari birona, ya buɗe ciki,
ƙasa da hujin nan ya rubuta da hannu mai rawa:
"Na Hansatu ne, jikata, 'yar aji huɗu.
Wanda ya ara ya maido."